Jaririyar Mutanen Ƙanƙara

Ran nan a gidan ɗalibai na Ainu Shams, bayan an sauko daga Juma'a, wani ɗan shekarar farko ya tambaye ni wai me nake yi a Alƙahira har furfura ta cim mini. Na ce masa tafinta ne ni, kuma harshen da na fi cin abinci da shi shi ne na mutanen Aislan. Sai ya zaro waya, ya yi mata magana da Hausa, ta mayar masa da wani Aislanci ta hanci, ya dube ni yana murmushin wanda ya gama da tsoho. Sauran suka kwashe da dariya. Ban tanka ba, don bakina cike yake da koshari, shinkafa da taliyar nan ta Misirawa. To yanzu na haɗiye, sai ku gyara zama.

Aikina na farko ɗaukar jakunkuna ne, ba tafinta ba. Karatu ya kawo ni daga Haɗeja, amma ciki ba ya jiran sakamakon jarrabawa, sai wani ɗan'uwa ya haɗa ni da wani ƙaramin ofishin masu yawon buɗe ido a unguwar Mohandessin. Mai ofishin wata tsohuwa ce 'yar Aislan, sunanta Gudrun. Ta auri Bamisire, ya rasu, ita kuma ta ƙi komawa, wai ƙasusuwanta sun saba da rana. Ita ke kawo mutanen ƙasarsu rukuni-rukuni su ga dala da kogi da gawarwakin Fir'aunoni. Ƙasar tasu tsibiri ce can ƙarshen arewa, inda dare kan kusa cinye yini a lokacin sanyi. Ɗalibai 'yan'uwana suka laƙaba musu mutanen ƙanƙara, ni kuma suka koma kirana Sale Ƙanƙara, har yau sunan bai bar ni ba.

Rigimarmu ta farko da ita a kan suna ce. Na ce mata Madam, ta ce ba ta so. Na ce Hajiya, ta ce ba ta je ko'ina ba. Na ce Mama, ta ce ba ta haife ni ba. Wai a ƙasarsu kowa da sunansa ake kiransa, yaro ya kira malaminsa da suna, talaka ya kira shugaban ƙasa da suna, ba wanda zai ɗaga gira. Ni kuwa yaya zan buɗe baki in kira sa'ar kakata da sunan yanka? Sai na ƙirƙiro dabara. In ina son magana da ita, sai in yi gyaran murya. Tsawon shekarun da na yi a ofishin nan da tari nake kiranta, har ta riƙa sayo mini maganin mura. Ko yanzu da na ambata muku sunan sai da na ji nauyinsa.

Za ku ce ai duk suna jin Turanci. Matasansu suna ji, sun ma fi ni. Amma masu zuwa wajenmu yawanci tsofaffin masunta ne da manoma da suka ajiye aiki, Turancinsu bai wuce na gaisuwa ba. Kuma ko mai Turancin, in ya gaji, ko ya fusata, ko cikinsa ya ɓaci da ruwan Nilu, harshen uwarsa yake komawa. Shi ya sa wata rana tsohuwar ta dire mini ƙamus a gaba, na Turanci zuwa Aislanci, mai kaurin bulo, bangonsa ya cire, yana warin kofi. Ta ce in na san abin da suke faɗa a tsakaninsu, zan hango fitina tun kafin ta sauko daga mota. Haka na fara: direba ya yi mini Larabcin titi, in juya shi Hausa a kaina, in juya Turanci, in buɗe ƙamus, in fito da Aislanci. Kamar mai zuwa Zariya daga Kano ta hanyar Maiduguri. Kafin in iso, sau da yawa direban ya gaji ya tafi.

Ƙamus ɗin nan ya koya mini halin mutanen tun kafin in san su. Ba sa aron kalma, sun ɗauke shi abin kunya. Mu da aka kawo mana rediyo muka ce rediyo, aka kawo kwamfuta muka ce kwamfuta, muka huta. Su kuwa sai an zauna an tono tsohuwar kalma an sa mata sabuwar riga. Wayar tarho suna ce mata simi, wata tsohuwar kalma ce ta zare. Kwamfuta kuma tolva, wai sun haɗa lamba da bokanya, ka ji bokanyar lissafi. Na haddace kalmomin ƙanƙara iri-iri, mai saukowa a hankali, mai zuwa da iska, mai narkewa a ƙarƙashin takalmi, ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin firji. Ba ko ɗaya da ta taɓa yi mini amfani a Giza, gindin dala.

Abin da ya fi ba ni wahala wata 'yar kalma ce da Baturen Ingila ba ya buɗe baki sai da ita, wato please. Na buɗe ƙamus na tarar da wasu dogayen abubuwa da ba mai faɗarsu sai a takardar gwamnati. A bakin mutanen kuwa babu ita sam. Mutum zai shiga shago a kasuwar Khan Khalili ya ce wa mai kanti a ba shi wancan, shi ke nan ya gama, kuma shi a ransa bai yi rashin ladabi ba. A garin da ba a sayen ashana sai an tambayi lafiyar 'ya'ya! Ni ke zuba wa maganar mai. Ya faɗi kalma biyu, ni in faɗi ashirin: ya basha, Allah ya haskaka safiyarka, baƙon nan ya ce tun daga ƙasarsu ya ji labarin shagonka. Wani tsoho cikin baƙin ya taɓa tsare ni ya ce shi fa farashin tire kawai ya tambaya, me ya sa mai kantin yake rungumarsa.

Akwai kuma wani masunci da na ɗora a raƙumi a gindin dala. Na tambaye shi ko ya zauna daidai, sai na ji ya ja numfashi ciki da ƙarfi, kamar wanda aka soka. Na sake tambaya, ya sake ja. Na sa aka durƙusar da raƙumin, na kwara masa ruwa a ka, ina neman maganin asma a jakar matarsa. Ashe haka suke cewa i, da jan iska ciki. Mutumin lafiyarsa ƙalau, amsa ni yake ta yi. Daga ranar na gane kayan aikin tafinta ba ƙamus kaɗai ba ne. Sai da takalmi mai daɗin tafiya, da lema, da maganin gudawa a aljihu, da fuskar da ba ta dariya ko me aka faɗa.

Muguwar shekara ita ce ta annoba, da jirage suka daina tashi. Tsohuwar ta rufe ofis, 'ya'yan ƙanwarta suka matsa mata ta koma gida. Na tattara iyali muka koma unguwar Arba wa Nus inda haya ta fi sauƙi. Abin da ya riƙe ni wani Alhaji ne ɗan kasuwa da ke sayo busassun kawunan kifi daga Aislan zuwa Najeriya, ina yi masa tafinta ta waya. Ni da nake bayanin sarakunan da suka gina dala, na koma shekara guda ba abin da nake fassarawa sai kai, ƙaya, buhu, wari. A shekarar nan akwai wata mata da duk sati take aiko wa 'ya'yana gurasa da cuku daga Mohandessin, ko da kuwa ita ma ba wani hali gare ta ba. Ana ce mata Ummu Sayyid. Yadda muka san juna shi ne labarin da nake so mai wayar nan ya saurara.

Shekaru ne kafin annoba, a tsakiyar sanyi, mu muna fama da rigar sanyi biyu-biyu, baƙinmu suna yawo da singileti. Tsohuwar ta tafi garin Luksor can kudu da babban rukuni, ta bar mini wasu matasa mata da miji, Einar da Sigga, da jaririyarsu 'yar wata huɗu. Einar dogo ne har sai ya sunkuya a ƙofar jirgin ƙasa na metro. Sigga ba ta da yawan magana. Ranar na zaunar da su a wani gidan shayi a wani lungu na Mohandessin, na ce su ba ni 'yan mintoci in yi azahar a masallacin bayan layi.

Cikin gidan shayin hayaƙin shisha ya turnuƙe, jaririya kuma ta yi barci. Sai suka yi abin da kowace uwa take yi a ƙasarsu. Suka tura keken jaririyar waje, suka jingine shi a gindin bishiya a bakin titi, suka lulluɓe ta, suka koma ciki suka zauna kusa da taga suka nemi kofi. A Alƙahira fa! Suna ɗaga kai suna hango keken, hankalinsu kwance. Abin da ba su gani ba shi ne lokacin da wata mota ta tsaya ta tare tagar, daidai sa'ar da Ummu Sayyid, matar mai gadin benen da ke kallon wurin, take dawowa daga gidan burodi da faranti a ka. Ta ga jaririya fara sol a yashe a titi ba kowa a kusa. Ta dire farantin, ta sunkuce ta, ta shige gida. Motar ta wuce, keke yana nan inda yake, iyaye suka ci gaba da shan kofi.

Da na dawo na tarar da layin ya cika. Einar yana gudu sama da ƙasa yana ihu da Turanci, Sigga tana tsaye riƙe da bargon da ba kowa a ciki. Jaririya ba ta cikin keke. Mai guga na bakin layi ne ya yafito ni, ya nuna mini ƙofar benen da haɓa.

Ɗakin mai gadi a ƙarƙashin matakala yake, gado ɗaya da risho da talabijin. Ummu Sayyid tana zaune a kan gadon, mace mai jiki, cikin baƙar riga, ta naɗe jaririyar a mayafinta. Har ta riga ta maƙala mata shuɗin dutsen nan na maganin baki. Ita kuwa 'yar, ko a jikinta, tana wasa da ɗan kunnen matar. A bakin ƙofa mijin ne, Abu Sayyid, mutumin Sa'id, wato kudancin Masar, da rawani da gashin baki da sanda. Ya ce ba mai shiga, kuma yanzu zai kira 'yan sanda su zo su tafi da wanda ya yar da 'ya.

Ku gane abin da ke gabana. In 'yan sanda suka zo, sai an buɗe fayil, sai an kai jaririya wajen hukuma har a gama bincike, iyayen kuma a tsare su. Ƙasarsu ko ofishin jakadanci ba ta da shi a garin. Jaririya mai shan nono za ta kwana a hannun da ba ta sani ba, wa ya san kwana nawa. Na roƙi Abu Sayyid da girman gashin bakinsa ya ba ni lokaci kaɗan, ni ne bakin mutanen nan.

Na fara da gaskiya tsirara, wadda ita ce kuskuren sabon tafinta. Sigga ta ce a ƙasarsu a waje jarirai suke barcin rana, iska mai sanyi tana ƙara musu lafiya, ko ƙanƙara na zuba haka ake yi. Na juya shi Larabci kalma da kalma. Layin ya ɗauki salati. Wata mata daga bene ta leƙo ta ce a maimaita mata, aka maimaita, ta dafe ƙirji. Einar ya ga kamar ba a gamsu ba, sai ya ƙara da cewa shi ma haka uwarsa ta riƙa ajiye shi a cikin ƙanƙara, ga shi ya girma lafiya. Na fassara. Mai guga ya dube shi tun daga ƙasa har sama, ya ce to yanzu an gane inda matsalar ta faro.

Sai na koma ga takarda, na karɓi fasfo ɗinsu uku na miƙa. Abu Sayyid ya sa wani mai kantin magani da ke jin Turanci ya duba. Aka ga sunan ƙarshe na miji daban, na mata daban, na jaririya daban. Na yi bayani cewa su ba su da sunan dangi, kowa da sunan ubansa yake tafiya, shi ɗan wane, ita 'yar wane, jaririyar kuma ga shi nan an rubuta 'yar Einar, kamar dai yadda mu da ku muke yi. Abu Sayyid ya ce shi ya tsufa yana karɓar wasiƙun Turawan benen nan, kuma Bature da matarsa da karensa suna ɗaya suke amsawa. Amma ya ɗan sassauta, ya sauke sandar.

Daga cikin ɗaki sai Ummu Sayyid ta yi magana a karon farko. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ni ban iya karatu ba. In 'yarta ce, ta faɗi sunanta."

Na leƙa fasfon. A gurbin suna an rubuta Stulka. Kalmar nan tun satin farko na haddace ta a ƙamus, ma'anarta yarinya. Haka hukumarsu take rubuta wa jaririyar da ba a raɗa wa suna ba tukuna, don su sukan yi watanni kafin su yi suna. Na ce a raina, Sale, ga ƙofa Allah ya buɗe, Stulka ai ya yi kama da suna, wa zai sani a layin nan? Na buɗe baki ke nan sai Einar, Allah ya shirye shi, ya tambayi mai kantin magani me matar ta ce, aka gaya masa, ya amsa da Turanci garau cewa ai ba ta da suna tukuna. Mai kantin magani ya juya ya sanar wa jama'a da Larabci, har da ɗaga hannu. Mutanen nan ba su iya ƙaryar ceton rai ba, na yi shekaru ina fama da su a kan haka.

Ummu Sayyid ta ƙanƙame jaririyar. Wata huɗu ba suna? Ba a yi mata bikin kwana bakwai ba, ba a watsa gishiri ba, ba a buga turmi ba? Ta ce ko kyanwar benen nan tana da suna. Ta ce khalas, magana ta ƙare, ita za ta raɗa mata, ta riƙe ta tare da jikokinta, wanda ya isa ya zo ya karɓa. Abu Sayyid ya juya ya nufi wayar kantin magani.

Na riƙe masa hannun riga, na juya wajen Sigga. Na bar Turanci, na yi mata da harshen uwarta, a hankali. Na ce da gaske babu suna? Ta ce akwai. Sun zaɓa tun ranar haihuwa, ita da mijinta kaɗai suka sani. Ba a faɗa sai ranar da dangi suka taru, ko uwarta da ta haife ta ba ta ji ba, tana can tana jira. Hawaye yana zuba a fuskarta amma muryarta ba ta canja ba. Sai ta tambaye ni sunan matar da ke riƙe da 'yarta. Na ce Ummu Sayyid, wato uwar Sayyid. Ta ce wannan ai sunan ɗanta ne, nata fa? Na ce a nan ba a tambayar wannan, balle matar mutumin Sa'id, a kan haka sai a fasa wa mutum kai.

Ina rufe baki sai abin ya faɗo mini. Ashe ba baƙon abu ba ne, namu ne na gida. Mu ma ai uba yakan yi wa jariri huɗuba a kunne, a ɓoye sunan, ko maƙwabta ba sa ji sai ranar suna. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin na ce, ya Hajja, yarinya tana da suna, an raɗa mata a kunne, taron ne ba a yi ba. Bakwai ɗinsu ne yake da tsawo, ƙasar dare ce, kafin gari ya waye musu sau bakwai an daɗe. Na ce macen da ta ɓoye suna a bakinta wata huɗu, ta hana uwarta ma ji, ba ita ce mai yar da 'ya ba. Ta ajiye ta a titi ne don a garinsu duk wanda ya wuce mai gadinta ne, ta zaci nan ma haka ne, kuma ga shi ba ta yi kuskure ba.

Ummu Sayyid ta ci gaba da jijjiga 'yar. Can ta ce to a faɗa mata sunan. Na gaya wa Sigga. Ta dubi mijinta, ya ja numfashin nan nasu na i. Sai ta ce za ta faɗa, amma wa matar kaɗai.

"Ban da kai, Sale," in ji ta.

Ni tafinta, aka ce in fita. Na kori maza daga bakin ƙofa, na haɗa da kaina, Sigga ta cire takalmi ta shiga, aka saki labule. Muka tsaya cirko-cirko, ni da Einar da Abu Sayyid, ba mai kallon wani. Mata biyu a ɗaki, ba kalma ɗaya da suka haɗa, ni kuma da ƙamus ɗina a jaka ina ƙirga tayil. Da iska ta ɗan ɗaga labulen, abin da na hango shi ne jaririya a ƙirjin uwarta tana shan nono, Ummu Sayyid kuma ta kamo kan Sigga tana raɗa mata wani abu a kunne, ta rufe baki tana dariya kamar budurwa. Na ɗauka addu'a ce, ko faɗa.

Ba a sake mu haka nan ba. Ummu Sayyid ta ce ba jaririyar da za ta fita daga ɗakinta ba a yi mata bakwai ba. Nan take aka aro rariya daga hawa na biyu, aka kwantar da 'yar a ciki, aka watsa gishiri har cikin idon Einar, Ummu Sayyid kuma ta ɗauki turmin tagulla tana bugawa a kusa da kan jaririya tana ba ta umarni: ki ji maganar uwarki, kada ki ji ta ubanki. Einar ya tambaye ni me ake cewa. Wannan kam na fassara masa kalma da kalma, ban rage komai ba. Da tsohuwar ta dawo daga Luksor na zayyana mata duka, ina jiran ta kore ni. Sai ta ce yaiya. Kalmar nan tasu kamar to ɗinmu ce, tana iya zama yalla mu tafi, tana iya zama ka ga irinta, tana iya zama shi ke nan. Har yau ban san wacce ta nufa ba.

Bayan sun koma da kamar wata biyu, na shigo ofis na yi tarina, tsohuwar ta ce Sigga ta bugo waya, an yi suna, kuma ta roƙa in je in gaya wa matar. Sunaye biyu aka sa wa yarinya. Na farko Soley, na duba ƙamus na ga wata 'yar fure ce rawaya da ke fitowa in ƙanƙara ta narke. Na biyu kuwa sunan Larabawa ne, irin na matan karkara na da, har sai da iyayen suka nemi izinin hukumar da ke tantance sunaye a ƙasarsu. Na ce a raina tsaraba ce, wasu su sayi ɗan dala na roba, wasu su sayi suna. Ban kawo komai ba.

Na tafi da murnata. Na tarar da Abu Sayyid yana shara a bakin bene, mai guga yana nan, mai kantin magani yana nan, Ummu Sayyid tana gyaran molokhiya, wato ganyen lalo, a kan tabarma. Tun daga nesa na ɗaga murya na ce albishirinku, an yi suna. Na faɗi na farko, na faɗi na biyu, da ƙarfi, a tsakiyar layi.

Tsintsiya ta faɗi daga hannun Abu Sayyid. Kafin in ankara ya tuɓe takalmi ya yo kaina, gashin bakinsa yana rawa.

"Wa ya gaya maka sunan matata?"

Ni da na yi shekaru ina tari don kada in kira tsohuwa da suna, ga ni na yi shelar sunan matar mutumin Sa'id a gaban mai guga. Na ja da baya ina ma'alish, ma'alish, wato a yi haƙuri, ina neman hanyar gudu. Sai Ummu Sayyid ta ce masa ya ajiye takalmin. Ba ta dube shi ba, ni take kallo, ganyen yana hannunta. Ta ce tun da uwarta ta rasu ba wanda ya kira ta da shi, har ta fara zaton na wata ne. Ranar nan a ɗaki uwar jaririyar ta nuna ƙirjinta ta faɗi sunanta, ta nuna ta, ita kuma ta ga ba daidai ba ne a ba ta suna ta ƙi bayarwa.

"Sake faɗa, ya Sale," in ji ta. "Haɗa su biyun, yadda za su riƙa kiranta a can."

Na dubi Abu Sayyid. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu, ƙafa ɗaya a ƙasa. Sai ya sa takalminsa, ya ɗauki tsintsiya, ya juya mana baya, ya shiga share matakalar da ya riga ya share. Na sake faɗa, a hankali wannan karon. Ta maimaita a bayana, ta goge ido da gefen mayafi, ta ci gaba da tsinke ganyenta.

Na ga bakinku yana motsi, kuna so ku ji sunan. Abu Sayyid yana nan da ransa, takalminsa ma yana nan. Kai mai waya, tambayi wayar taka.